Keken Aro a Gonakin Inabi

Ko da tsufa zai sa ƙwaƙwalwata ta zubar da komai, akwai wata ranar Asabar da na tabbata za ta zauna daram. Ita ce ranar da na hau keke bayan shekara talatin da ɗaya rabona da shi, na bi hanyar burji a tsakanin gonakin inabi ina neman mijina.

A lokacin shekararmu goma sha ɗaya a New York. Muna zaune a Bronx, unguwar Mount Hope, hawa na biyar a wani dogon gida da kusan rabin mutanensa 'yan Afirka ta Yamma ne. Maigidana tasi yake tuƙawa, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, in yi musu wanka, in ba su magani, in tayar in kwantar. Zaman mota na yini guda kullum ya jawo masa ciwon suga, likita ya ce ko ya motsa jiki ko ya shirya wa allura. Shi kuwa ba abin da yake tsoro a duniya kamar allura. Sai wani abokinsa, mutumin Damagaram da ke aiki a wani ofishi a Manhattan, ya ja shi cikin harkar keke. Ba irin keken titi ba, wani ne mai faɗin taya da lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago, wanda aka ƙera don hanyar tsakuwa. Maigida ya raɗa masa suna keken burji. Kafin wata shida, mutumin da hawa bene ke sa shi haki ya koma ba shi da hira sai ta tudu da gangara.

Maigida ya san mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai gyaran keke ne a bakin kasuwar garinmu. Abin da bai sani ba, duk da shekara ashirin da biyu da muka yi tare, shi ne ni ce na taso a gindin rumfar nan. Ni ce babba, kuma an daɗe ba a samu namiji ba, don haka tun ina shekara shida nake miƙa sifana. Ina shekara tara na iya faci, na iya ɗaure birki. Duk keken da aka gyara ni ce mai gwada shi, in zagaya bayan kasuwa in dawo in ce wa Baba ga inda yake kuka. Da na kai sha uku gwaggona ta zo ta ce mutane sun fara magana, 'ya mace ta girma tana yawo a kan keke hannu duk baƙin mai. Daga ranar aka mayar da ni cikin gida. Na ɗauki abin a matsayin abin kunya, na binne shi, ban sake gaya wa kowa ba.

A farkon watan Oktoba suka shirya zuwa arewa da birnin, wajen kwarin kogin Hudson, inda aka ce akwai hanyoyin burji masu kyau da suka ratsa gonakin inabi. Tun yammacin Juma'a aka ɗaure kekunan biyu a bayan motarmu. Da safe sai abokin ya bugo waya, wai manyan baƙi sun zo daga gida, ofis ya riƙe shi. Maigida ya zauna a bakin gado da hular kwano a hannu kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Na ce, "Baban yara, in dai rakiya ce, ni sai in raka ka. Shekara goma sha ɗaya ban ga gona ba."

Ya ce, "Zaman mota za ki yi fa, Hajiya. Awa biyu ke kaɗai."

Na ce na ji. Na zuba shinkafa da miya a kula, na cika filas da shayi, muka kama hanya. Keken abokin ma ba mu tsaya kwance shi ba. A hanya ne na tuna na tambaye shi me ake yi da inabin nan mai yawa haka. Ya ce giya ake matsawa. Na ce to lallai, yau za mu ga abin da ya fi ƙarfinmu. Ya yi dariya ya ce, "Mu hanya muka zo bi, ba kwalba ba."

Wajen ƙarfe goma muka isa. Ya ajiye motar a wani fili a mararrabar hanyoyi biyu, ƙarƙashin itatuwan da ganyensu ya koma ja da ruwan ɗorawa. Ko ina ka duba layukan inabi ne sun hau tudu sun sauka, an ɗaure su a waya, a jere kamar kitso. Iskar wurin tana da ƙamshin 'ya'yan itace da suka nuna har suka fara wucewa. Ya sauke kekensa, ya ɗauko famfo ya dinga bai wa tayoyin iska. Da ya juya zai sa hula, na kai babban yatsana na danna tayar gaba. Kamar dutse. A raina na ce wannan iskar ta kwalta ce, a kan tsakuwa keken zai riƙa tsalle, ba zai kama ƙasa ba. Maganar ta zo har bakina. Sai na tuna zai tambaye ni ina na sani, na haɗiye ta.

Ya shimfiɗa min taswirar da ya buga a takarda a kan gaban mota, ya bi layin da yatsa. Hanyar zagaye ce, za ta fita ta hagu ta dawo ta dama. Ya ce sha biyu da rabi yana nan, mu ci abinci mu yi azahar. Ya ba ni makullin mota, ya hau, tsakuwa ta yi ƙara a ƙarƙashinsa, ya ɓace a bayan tudu.

Awa biyun farko na ji daɗinsu ƙwarai. Na zagaya, na sha shayi, na kalli wasu tsuntsaye suna satar inabi. Sha biyu da rabi ta yi ta wuce. Ƙarfe ɗaya na ɗauko waya, sai na ga babu sabis ko ɗigo. Na hau tudu na ɗaga ta sama, babu. Na yi alwala da ruwan gora na yi sallah, na zauna a kan darduma ina kallon hanyar dama. Tun zuwanmu mota ɗaya ce ta wuce, ita ma tun da safe. Maigidana mutum ne da ba ya saɓa lokaci, tuƙin tasi ya koya masa wannan. Kuma mai suga ne, rabonsa da abinci tun karin kumallo. Da ƙarfe biyu ta gota na san ba lafiya ba.

Na kalli makullin da ke hannuna. Ban taɓa tuƙa mota ba, jirgin ƙasa da bas sun ishe ni a birni. Na kalli hanyar, in na ce da ƙafa zan bi, magariba za ta riske ni ban kai ko'ina ba. Sai na juya na kalli keken da ke ɗaure a bayan motar.

Mutane kan tambaye ni ko na ji tsoro a lokacin. Gaskiya ban ji ba. Abin da na ji shi ne hankalina ya dawo wuri ɗaya. Na kwance keken na sauke. A ƙarƙashin sirdin akwai 'yar jaka da kayan gyara, na ciro ƙarfen da ya dace na sassauto sirdin daidai tsayina, don mai keken dogo ne. Na danna bawul na rage iskar tayoyin biyu har sai da yatsana ya ɗan shiga. Na gwada birki, gaba da baya. Dama da wando a ƙarƙashin doguwar rigata, na tattare ta na ɗaure a ƙugu da gyale. Na ɗauko hular kwanon abokin da aka bari a cikin motar, na kifa a kan hijabina. Na zuba dabino a aljihu, na cusa gorar ruwa a mazauninta, na ninke taswirar. Na yanke shawarar in bi ta dama, ta inda ya kamata ya ɓullo, don in wani abu ya same shi, ya fi yiwuwa a ƙarshen hanya ne, lokacin da ya gaji.

Na yi bisimilla na ɗora ƙafa. Keken ya yi hagu ya yi dama kamar zai zubar da ni, na taka feda sau uku, sau huɗu, sai kawai jikina ya tuna. Ban san yadda zan kwatanta ba. Ƙuguna ya san inda zai karkata kafin in yi tunani. Abin da ya ba ni wahala shi ne giyar keken, wato abin sauya nauyin feda, don na rumfar Baba ba su da ita. A tudun farko na kusa tsayawa cak, cinyoyina suna zafi, ina ta lalube, har hannuna ya tura mariƙin birki gefe bisa kuskure. Sarƙa ta yi ƙas, feda ta yi sauƙi. Na ce to, ashe nan kake.

Hanyar ta yi ta hawa da sauka tsakanin gonaki. Wani wuri tsakuwar ƙanana ce a daddanne, keken yana tafiya sumul, wani wuri gargada ce har haƙorana suna haɗuwa. Ina tafe ina kallon ƙasa, domin a tsakuwa taya tana barin sawu. Kowace kwana na sha sai in kira, "Baban yara." Ba amsa sai kukan tsuntsaye. Na yi tafiyar da ta kai minti arba'in, sai na iso gindin wata doguwar gangara da ta sauko ta karya kwana a ƙasa. An zuba sabuwar tsakuwa a wurin, manya-manya, ba ta kwanta ba. A tsakiyar kwanar na hangi gorar ruwa mai ruwan shuɗi. Ni na saya masa ita.

Daga gorar wani dogon jan layi ya tafi kai tsaye zuwa bakin hanya. Na jingine keken na leƙa. Yana kwance a cikin kwalbatin da ya raba hanya da gonar, zurfinsa ya kusa tsayin mutum, ciyawa ta rufe shi rabi, kekensa a gefe tayar gaba ta lanƙwashe. Ko mota ta wuce ba mai ganinsa.

Na sauka da gudu. Idonsa biyu, amma fuskarsa ta yi fari-fari, gumi mai sanyi a goshinsa, jini ya bushe a gefen kunnensa. Hular kwanon ta tsage biyu. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni.

A hankali ya ce, "Hajiya. Wa ya kawo ki?"

Na ce, "Keke."

Ya lumshe ido, ina jin ya ɗauka mafarki yake. Ya yunƙura zai tashi, na dafe shi na ce kada ya motsa. A nan aikina na kula da tsofaffi ya yi min rana, don an koya mana yadda ake yi da wanda ya faɗi. Na sa ya motsa yatsun ƙafa, suka motsa. Kafaɗarsa ta hagu ta sauka, ƙashin da ya haɗa ta da wuya ya karye. Na sa masa dabino biyu a baki saboda sugan, na jiƙa masa leɓe da ruwa. Abin da ya tayar min da hankali shi ne da na taɓa cikinsa ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, ya yi wani nishi, kuma cikin ya yi tauri. Na san wannan ya wuce dabino.

Na buɗe taswira. Komawa wajen mota ba shi da amfani. Gaba kuwa, bayan wannan tudun, akwai wata alama da aka yi da hoton kwalba, nisanta bai kai rabin wanda na riga na yi ba. Na cire gyalena daga ƙugu na lulluɓe shi, na ɗaure rigar da igiyar takalminsa. Na ja karyayyen kekensa na fito da shi tsakiyar hanya don ya zama alama.

Ya riƙe hannuna ya ce, "Kada ki bar ni."

Na ce, "Zan bar ka, kuma zan dawo. Ka yi ta salati, kada ka yi barci."

Tudun da ya kayar da shi na tura keken na hau da ƙafa, don ba zan ɓata ƙarfina a banza ba. A sama na hau. Ɗaya gefen gangara ce doguwa, mai tsakuwa iri ɗaya. Na ja jikina baya a kan sirdi, na sassauta hannuna, na riƙa taɓa birkin baya kaɗan-kaɗan, na gaba kuwa ban kusance shi ba, na bar keken ya nemi hanyarsa. Haka Baba ya koya min a gangarar rafin garinmu. Iska tana kaɗa hijabina, layukan inabi suna wucewa ta gefen idona. Kusa da ƙasa na faɗa wani rami, sarƙa ta zame. Na sauka, na mayar da ita da yatsu biyu, na juya feda, na hau. Ban fi minti ɗaya ba.

Wurin wani tsohon rumbu ne na katako da aka gyara, motoci biyar ko shida a gabansa. Na jefar da keken a ƙofa na shiga. Warin ya fara tarbata, mai tsami-tsami. Mutane kusan goma suna tsaye a gaban dogon teburi, kowa da kofin gilashi mai dogon wuya. Duk suka juyo. Ku kwatanta abin da suka gani: baƙar mace 'yar shekara arba'in da huɗu, hular kwano a kan hijabi, riga ɗaure da igiyar takalmi, hannu baƙi ƙirin da man sarƙa. A da, irin wannan kallon kaɗai ya isa ya sa in koma da baya. Ran nan ko a jikina. Na ɗaga murya da Turancina na aiki na ce mijina ya faɗi a keke, yana zubar da jini ta ciki, ina buƙatar motar asibiti yanzu.

Wata dattijuwa mai furfura, da takalmin roba na gona a ƙafarta, ta ajiye kwalbar da ke hannunta. Ita ce mai wurin. Ba ta yi min tambayar banza ko ɗaya ba. Ta ce, "A ina?" Na shimfiɗa taswirar na dangwala yatsa, har man ya bar tabo a wurin. Ta ce ta san kwanar, ta ɗaga wayar tebur ta kira, ta kwatanta musu hanya dalla-dalla. Wani daga cikin baƙin ya miƙo min ruwa a irin kofinsu na giya. Duk da ƙishin da nake ji, hannuna ya tsaya. Dattijuwar ta lura. Ta shiga ciki ta fito da kofin shayinta cike da ruwa, ta ce, "Sha, mu tafi."

A tsohuwar a-kori-kurarta muka koma, da barguna biyu a baya. Mun same shi idonsa biyu, leɓensa yana motsi. Ta sauka cikin kwalbatin tare da ni, ta riƙe kansa, ni ina riƙe da hannunsa, har motar asibiti ta iso. Ita ce kuma daga baya ta sa aka kwaso kekunan da motarmu aka ajiye a gidanta har abokin ya zo ya ɗauka.

Saifarsa ce ta fashe. Aka shiga da shi tiyata kafin la'asar ta fita. Da likitan ya fito ya ce min aiki ya yi kyau, ya ƙara da cewa da an ƙara daɗewa, da labarin ya sha bamban. Sai a lokacin na zauna a ƙasa a barandar asibitin. Kwana uku ban iya hawa bene ba saboda ciwon cinya.

A rana ta biyu, da ya dawo hayyacinsa sosai, ya sa na matso kusa. Ya ce, "Hajiya, na yi mafarki kin zo a kan keke."

Na ce, "Ba mafarki ba ne."

Na ba shi labarin rumfar Baba tun daga farko. Na kuma gaya masa abin da ya fi min nauyi, cewa na taɓa tayarsa da safen nan, na san iskar ta yi yawa, na yi shiru. Na ce ya yafe min. Ya tsura wa silin ido, har na ɗauka fushi ya yi.

Can ya ce, "Wata shida ina zaune ina yi miki bayanin keke."

Na ce, "Ina ji ai."

"Kina ji, kina gyaɗa kai."

Ya fara dariya, ɗinkin ya hana shi, ya riƙe ciki hawaye na zuba. Da ya lafa sai ya ce, "Ba ke kaɗai ke da laifi ba. Da kin faɗa ma, ban san ko zan saurara ba. Shekara ashirin da biyu ban taɓa tambayarki me kika iya ba."

Labari ya riga mu isa Bronx. A masallacinmu wasu mata suka rungume ni, wasu kuma na ga suna kallona ƙasa-ƙasa, har wata ta ce ita dai ko me zai faru ba za ta iya ware ƙafa a kan keke a gaban Turawa ba. Na ce mata Allah ya sa kada a jarraba ta. Da bazara ta zagayo, maigida ya warke, ya kai ni shago da kansa ya ce in zaɓa. Mun koma hanyar nan tare sau da yawa. Mukan tsaya mu gaida dattijuwar, in kai mata dambun nama, ita kuma ta tsinko mana inabi ɗanye daga gona. Duba tayoyi kafin a tashi aikina ne, ba ya ko gardama.

Abin da ranar ta koya min shi ne, duk abin da Allah ya sanar da kai na halal amana ce, ba abin ɓoyewa ba. Na yi shekara talatin ina jin kunyar abin da na iya saboda maganar mutanen da ko sunana sun manta, kuma wannan kunyar ta kusa mayar da ni gwauruwa a bakin wata gona. Tun daga lokacin, in na san abu nakan faɗa, ko a gaban wa, ko za a tambaye ni ina na sani. In an tambaya kuwa, sai in ba da amsa.